Ku Tambayi Malam: Tauraron da ke sauraren ƙasa zai iya raba birni da gona?

Assalamu alaikum. A fitowar da ta gabata na ambata a taƙaice cewa cikin taurarin ɗan'adam da ke kewaya duniya akwai waɗanda ba hoto suke ɗauka ba, sauraren ƙasa suke yi. Ban yi zaton wannan jimla guda za ta jawo wasiƙu masu yawa haka ba. Na zaɓi biyar daga Gombe da Bauchi, na rage musu tsawo, kuma na ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Malam, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a sashen nazarin ƙasa, an ba ni aikin bincike a kan yadda garin Gombe ya cinye gonakin da ke kewaye da shi. Malamin da ke duba aikina ya ce in bincika ko na'urar da ke sauraren maikurowef ɗin da ƙasa ke fitarwa da kanta za ta iya raba birni da karkara a taswira. Na yi ta karatu har kaina ya ɗauki zafi ban gane ba. Mene ne wannan abu, kuma zai yi mini aikin?
*Wata ɗaliba, Tudun Wada, Gombe*

'Yata, bari mu fara da abin da kika sani tun kina ƙarama. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kama rediyo a gajeren zango ya saba jin mita 16 da mita 19 da mita 25, kuma waɗannan lambobi ba komai ba ne illa tsawon zangon igiyar da ke ɗauko muryar. Maikurowef ɗan gidan nan ne, sai dai zangonsa ya fi gajarta ƙwarai, domin wanda ake aiki da shi wajen nazarin ƙasa yana tsakanin 'yan milimitoci ne zuwa kimanin santimita 30. Hasken da ido ke gani ma ɗan gidan ne, amma nasa zangon bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. To, duk abin da ke da ɗumi a jikinsa yana fitar da irin waɗannan igiyoyi ba tare da kowa ya sa shi ba. Idan kika tsaya kusa da katangar da ta sha rana bayan magariba za ki ji tana huro miki zafi. Mafi yawan wannan hucin yana fita ne a wani zangon dabam, amma wani ɗan ƙanƙanin kaso yana fita a zangon maikurowef, kuma shi ne na'urar da malaminki ya ambata take aunawa. Sunanta rediyomita.

A nan ne ta bambanta da na'urar rada, wadda mutane ke yawan haɗa su. Rada kamar mutum ne da ya ƙwala kira a bakin dutse yana jiran amsa-kuwwa, wato ita ke aika igiya sannan ta auna abin da ya dawo. Rediyomita kuwa ba ta aika komai, kasa kunne kawai take yi kamar maharbin da ya laɓe.

Ƙarfin abin da take ji ya dogara da abu biyu: yawan zafin wurin, da kuma yadda wurin yake sakin abin da ke jikinsa. Na biyun shi ne inda ilimin yake. Busasshiyar ƙasa mai kyauta ce, tana sakin kashi 90 cikin 100 ko fiye na abin da zafinta zai iya bayarwa. Ruwa marowaci ne, a dogon zango tafki a kwance ba ya sakin fiye da kashi 40. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana tsakani, kuma gwargwadon yawan laimarta gwargwadon yadda za ta sauka, har ta kai kashi 60 zuwa 70. Saboda haka gona biyu da ke maƙwabtaka, zafinsu ɗaya, idan an yi wa ɗaya ban-ruwa an bar ɗaya, na'urar za ta ji wadda aka jiƙa kamar ta fi sanyi nesa ba kusa ba. Ciyayi da itatuwa suna da nasu salon, domin suna rufe muryar ƙasar da ke ƙarƙashinsu su ɗora tasu a kai. Ana kuma sauraren igiyar ta fuska biyu, a tsaye da a kwance. A kan shimfiɗaɗɗen wuri kamar ruwa ko fako ma'aunan biyu suna nisa da juna, a kan duhuwa kuwa sai su kusan haɗuwa, kuma wannan tazara ita ake amfani da ita a ƙiyasta yawan tsiro.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan fanni shi ne halin kwano. Rufin kwano a Gombe cikin watan Afrilu da tsakar rana ba ya taɓuwa, amma a kunnen rediyomita yana cikin abubuwa mafi sanyi a gari, saboda ƙarfe kusan ba ya sakin komai a wannan zango, madubi ne da ke mayar da abin da ya sauko masa daga sama, sama kuwa a dogon zango kusan shiru take. Kwalta da daɓen siminti suna sakin nasu sosai kamar busasshiyar ƙasa. Ke nan a ƙa'ida birni yana da tasa murya, gauraye da sanyin kwano da ɗumin titi, kuma wannan ne ya sa tun da daɗewa masu bincike suka yi tunanin a yi taswirar amfanin ƙasa da ita. Abin da ya ƙara musu kwaɗayi shi ne dogon zango yana ratsa gajimare da hazon hunturu, kuma ba ruwansa da dare ko rana. Duk wanda ya taɓa neman hoton Gombe marar gajimare na watan Agusta, lokacin da gero da masara suka rufe ƙasa har gona ta fi fitowa fili, ya san darajar wannan.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Muryar tana da rauni ƙwarai, zangonta kuma dogo ne idan an kwatanta da haske, don haka na'urar ba ta iya tsinto ƙaramin wuri daga nesa. Lissafin mai sauƙi ne, kuma ina so ki sa shi a cikin aikinki: ki ninka tsawon zango da nisan tauraron daga ƙasa, ki raba da faɗin farantin da yake sauraro da shi, abin da ya fito shi ne kimanin faɗin wurin da yake ji a matsayin ɗigo ɗaya. Ɗauki tauraron SMAP, wanda hukumar NASA ta Amurka ta harba a watan Janairun 2015. Yana sauraro a zangon santimita 21, yana tafiya a nisan kilomita 685, farantinsa kuma mita 6 ne. Lissafin zai ba ki kilomita 24, da yake kuma a karkace yake duban ƙasa, wurin yana buɗewa ya kai kusan kilomita 40, shi ya sa ake raba bayanansa a gidaje irin na dara, kowane gida kilomita 36 a kowane gefe. Wannan kusan tafiyar Gombe zuwa Dadin Kowa ke nan. Babbar kasuwa da Jekadafari da Pantami da Tumfure da duk gonakin da ke bayansu lamba ɗaya tak za su zama, jihar Gombe baki ɗayanta kuma ba za ta wuce gidan dara goma sha biyar ko kusa da haka ba. Idan kika juya lissafin, kika ce kina son ya ji fuloti mai tsawon mita 30 daga wannan nisa, farantin da za ki buƙata zai kai kusan kilomita 5.

Za ki ce to a rage zangon mana. An rage. Na'urar AMSR2 ta ƙasar Japan, wadda ke sama tun 2012, tana sauraro a zanguna da dama, kuma a mafi gajartarsu, gigahaz 89 (gigahaz ma'aunin saurin bugun igiya ne, gwargwadon yawansa gwargwadon gajartar zango), ɗigonta kimanin kilomita 3 ne a faɗi da 5 a tsawo. Sai dai wannan gajeren zango shi ne wanda gajimare da ruwan sama da tururin iska suka fi damu, wato abin da aka samu ta nan an rasa shi ta can. Ko da ma an yi sa'ar sararin sama, kilomita 3 ya isa ya haɗiye unguwa guda da gonakin gefenta.

Akwai kuma ruɗanin da ya shafi irin garuruwanmu. Kwano sanyi yake nunawa, kududdufi ma sanyi, fadamar da aka jiƙa ma sanyi, don haka raguwar lamba ba ta gaya miki ko sabuwar unguwa aka gina ko ruwa ne ya kwanta. Ƙauyen da gidajensa na ƙasa ne da soro da jinka kuwa muryarsa ɗaya da ta saurar da ke bayansa, tun da daga jikinta aka gina shi. Sannan birni wuri ne mai hayaniyar na'urorin sadarwa, waɗanda ƙarfinsu ya ninka raɗar ƙasa sau ba adadi. Wannan matsala ta dami na'urar da ta gabaci AMSR2 a gigahaz 6.9 har ya sa aka ƙara wa sabuwar wata kafa a gigahaz 7.3 don a riƙa gane inda aka gurɓata ma'aunin.

Daga jirgin sama labarin ya canza, domin nisan ya ragu. Jirgin da ke tafiya a kilomita 1, da faranti na mita 1, yana sauraro a zangon milimita 8, zai ji ɗigo na kimanin mita 8, kuma a nan kam titi da rufi da lambu za su rabu. Amma wanda ke da kuɗin tayar da jirgi a kan Gombe, kyamara zai ɗora masa, ko ya tashi ƙaramin jirgi marar matuƙi da rana tsaka ya ga har igiyar shanya.

Shawarata ita ce ki gina aikinki a kan hotunan taurarin Landsat, waɗanda ake ɗauka tun 1972, ɗigonsu mita 30 ne tun shekarun 1980, kuma kyauta ake ba da su tun 2008. Ki ɗauki na kusa da 1996, shekarar da aka cire Gombe daga jihar Bauchi ta zama babban birnin jiha, ki jera shi da na bayan shekara goma da na yanzu. Don shekarun baya-bayan nan ki ƙara da Sentinel-2 na Tarayyar Turai, mai ɗigon mita 10, wanda ya fara aiki a 2015, idan kuma dole sai kin ga damina, Sentinel-1 rada ce, tana ratsa gajimare kuma tana jin gine-gine sosai. Ki zaɓi hotunan farkon kaka, lokacin da sama ta washe amma gona ba ta gama bushewa ba, domin da rani gonar da aka girbe da unguwar da ba ta da kwalta launinsu ɗaya ne, kuma a nan ɗalibai da yawa suke zamewa. Bayan haka ki fita da ƙafarki, ki tsaya a wurare masu yawa ta hanyar Bauchi da ta Biu da ta Dukku, ki ɗauki lambar wurin da wayarki ki rubuta abin da idonki ya gani. Game da malaminki kuwa, ina zaton gwada ki yake yi. Ki rubuta babi guda da ladabi, ki kawo lissafin farantin nan, ki nuna dalilin da ya sa a wannan aiki gani ya kori ji.

Malam, ni mai unguwa ne a wani ƙauye da gari ya fara taɓowa. Akwai burtalin da muka gada, yanzu wasu sun shigar da shi gona, wasu kuma sun yanka fuloti a bakinsa. Jikana ya karanta mini maganarka. Shin wannan tauraro mai ji zai iya ba da shaidar inda burtalin yake a da, kuma ya faɗa mana ko mu yanzu birni ne ko ƙauye?
*Wani mai unguwa, ƙaramar hukumar Akko*

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Tauraro mai ji ba zai yi wannan shaida ba, domin ƙauyenku da na maƙwabtanku da burtalin duka ɗigo ɗaya ne a wurinsa. Masu ɗaukar hoto su ne za su iya taimakawa, su ma da iyaka. A tsohon hoto mai ɗigon mita 30, burtali mai faɗi yakan fito kamar zare tsakanin gonaki, musamman da damina ko farkon kaka, amma siriri yakan ɓace. Sababbin hotuna sun fi kaifi, kuma ko Najeriya ta harba tauraron NigeriaSat-2 a 2011 mai ganin abin da ya kai mita biyu da rabi, sai dai sabon hoto abin da ke nan yau yake nunawa, kai kuwa jiya kake nema. Don haka a haɗa da tsofaffin taswirorin safiyo, da turakun siminti idan an taɓa kafa su, da bakin dattawan manoma da na Fulani waɗanda suka bi hanyar da ƙafarsu. Hoto yana nuna inda shanu suka bi, ba ya nuna wanda ya ba da izini ko wanda ya saya.

Tambayarka ta biyu kuwa ba ta sama ba ce, ta doka ce. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon ayyana yankin da za a ɗauka birni, ta bar sauran a ƙarƙashin ƙananan hukumomi, waɗanda ke ba da izinin mallaka na gargajiya don noma da kiwo da zama. Ke nan wuri zai iya cika da dawa da gyaɗa amma a takarda birni ne, wani kuma ya cika da gidajen bulo amma a takarda karkara ne. Abin da ya kamata shi ne a tura wakili ofishin ƙasa na ƙaramar hukuma da kuma hukumar GOGIS da ke kula da bayanan filaye a jihar Gombe, a tambayi matsayin yankinku a rubuce, sannan a nemi ma'aikacin safiyo mai lasisi ya auna abin da ya rage na burtalin tun kafin a zuba harsashin gini a kansa, domin rushe gini ya fi hana shi wuya.

Malam, an ce maikurowef ne ke dafa abinci a na'urar ɗumama abinci. Idan taurari suna yawo da shi a kanmu dare da rana, ba zai cutar da yara da masu juna biyu ba?
*Wata uwa, unguwar Yelwa, Bauchi*

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Na'urar da muke magana a kanta ba ta sako komai ƙasa, karɓa kawai take yi, kuma abin da take karɓa daga jikin ƙasa da itatuwa da ni da ke yake fita tun ran da aka halicce mu. Zangon santimita 21 ma an keɓe shi ne a yarjejeniyar duniya don masu nazarin sararin samaniya, an hana kowa watsa komai a cikinsa. Na'urar kicin tana tara ƙarfi mai yawa ne a cikin rufaffen akwatin ƙarfe. Ko taurarin rada masu aiko da igiya, abin da ke isowa ƙasa daga ɗaruruwan kilomitoci bai kai abin da wayar da ke hannunki take fitarwa ba.

Malam, ni malamin gona ne. Idan wannan na'ura ba ta ganin gona ɗaya, me ya sa ƙasashe ke kashe kuɗi a kanta, kuma wane amfani za ta yi wa irina?
*Wani malamin gona, Dukku*

Ɗan'uwa, kai ne ma ka fi kowa cin moriyarta cikin waɗanda suka rubuto, domin abin da ta ƙware a kai shi ne laimar ƙasa. Tauraron SMAP da takwaransa SMOS na hukumar sararin samaniyar Turai, wanda aka harba a watan Nuwamban 2009, suna auna danshin da ke cikin kimanin santimita 5 na saman ƙasa, wato daidai zurfin da ake binne iri. Suna ratsa kowane yanki duk kwana biyu zuwa uku, kuma ma'aunin da aka fi dogara da shi na wajen ƙarfe shida na safe ne, lokacin da zafin ƙasa da na ganye suka daidaita bayan sanyin dare, lissafi ya fi fita daidai.

Ka san yadda farkon damina yake yaudarar mutanenmu. Ruwa ya sauka sau ɗaya da ƙarfi, kowa ya fita shuka, sai sama ta ɗauke mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone, a koma neman iri a kasuwa lokacin da ya fi tsada. Ma'aunin ruwan sama, inda ma akwai shi, abin da ya zubo yake faɗa, ba ya faɗin abin da ƙasa ta riƙe, alhali jigawa da laka ba sa riƙe ruwa iri ɗaya. Jerin ma'aunan laima na makonni yana nuna ko ƙasar yanki ta jiƙu ta zauna ko kuwa ta jiƙu ne ta bushe a kwana uku, kuma idan aka ajiye shi kusa da hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, mai ba da shawara yana da ƙafa biyu da zai tsaya a kai. Da yake kuma irin wannan sauraro ya faro tun 1978 da tauraron Nimbus-7, aka ci gaba da wasu na'urorin daga 1987, ana iya kwatanta bana da shekaru arba'in da suka wuce, a san ko fari ne na gaske ko jinkiri ne da aka saba gani.

Amfani na biyu ya fi kusa da batun taswirar amfanin ƙasa. Kyamara koren saman ganye take gani, dogon zango kuwa yana jin ruwan da ke cikin rassa da gangar itace, don haka yana iya bambanta yankin da ke da itatuwa da wanda ciyawa ce kawai ta rufe shi da damina. Masu bincike sun yi amfani da wannan wajen bin ƙaruwa da raguwar itatuwa a busassun yankunan Afirka. A wuri mai faɗi kamar makiyayar Wawa-Zange da ke kusa da ku, idan gatarin masu gawayi da garmar masu sabuwar gona suna cin daji shekara da shekaru, ma'aunin zai riƙa sauka a hankali, ko da yake ba zai nuna ta wace kusurwa aka shiga ba. Don ka ji girman abin, dajin Yankari da faɗinsa ya haura kilomita murabba'i 2,200 bai cika gidan dara biyu na SMAP ba. A irin wannan aiki ana barin rediyomita ta yi ƙararrawa, sannan a ɗauko hoto mai kaifi a nemo wurin, sannan a tura mutum. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku shi ne ambaliya. Tun da ruwa marowaci ne, idan kogin Gongola ya cika ya bazu a fadamu, lambar gidan da abin ya shafa takan faɗi ko da gajimare ya rufe sama ruf, a daidai lokacin da kyamara ta makance. Wannan halin kuma shi ne tarkon da nake so ka kiyaye: gidan da ya haɗa da tafkin Dadin Kowa ko na Balanga zai riƙa nuna laima fiye da gaskiya idan ba a cire kason ruwan ba, don haka kada ka yanke wa manoman tudu hukunci da lambar da tafki ya jiƙa. Ko ƙiyasin ruwan sama da ake samu daga taurari, babban kasonsa daga irin wannan sauraro yake, domin ƙanƙarar da ke saman hadari tana watsa gajeren zango ta rage abin da ke isa ga na'urar, kuma a kan wannan aka gina shirin GPM na Amurka da Japan da ya fara a 2014.

Bayanan kyauta ne a intanet, har akwai waɗanda aka tace zuwa gidajen kilomita 9, ko da yake tacewa ba ta ƙara wa kunnen kaifi, lissafi ne kawai ake yi a rarraba abin da aka ji. A ganina wannan kayan aikin hedikwatar shirin bunƙasa noma ne, inda mutum ɗaya mai kwamfuta zai riƙa fitar da bayanin kowace ƙaramar hukuma duk mako ya tura muku ta waya. Idan ka isa gonar mutum kuwa, ka tona da hannunka ka dunƙula ƙasar ka gani.

Malam, sana'ata haƙar rijiyar burtsatse. Wani ya zo mini da takarda mai launi-launi, ya ce daga tauraron maikurowef ya ciro ta, wai tana nuna inda ruwa yake a ƙarƙashin ƙasa har zurfin mita ɗari, in biya shi ya riƙa ba ni. In saya?
*Wani mai haƙar rijiya, Alkaleri*

Alhaji, kada ka saya. Abin da rediyomita ke ji daga 'yan santimitocin saman ƙasa yake fitowa, kuma gwargwadon jiƙar ƙasar gwargwadon raguwar zurfin. A busasshen rairayin hamada ne kawai dogon zango ke ɗan nutsawa fiye da haka, shi ma bai kusanci zurfin da kake haƙawa ba. Ƙasar da samanta ya jiƙe jiya da daddare za ta iya zama ba ta da ruwa a ƙasa, kamar yadda yankin Dukku yake samun damina amma kowa ya san nisan ruwan rijiyarsa. Akwai taurarin GRACE, da aka fara harbawa a 2002, waɗanda ke ƙiyasta ƙaruwa da raguwar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta hanyar auna canjin nauyi, amma su ɗaruruwan kilomitoci suke ɗauka a dunƙule, ba su san filin da aka kira ka ba.

Hoton tauraro na gaskiya yana da ɗan amfani a sana'arka, domin masanin duwatsu yakan duba shi ya gano tsagar dutse da tsohuwar hanyar ruwa, ya rage wuraren da zai gwada. Amma gwajin kansa a ƙasa ake yin sa, da na'urar nan da ake kafa wa ƙarafa a jere a tura lantarki a auna yadda ƙasa ke tare shi, a haɗa da tarihin rijiyoyin da aka riga aka haƙa a unguwar. Idan mutumin ya dawo, ka tambaye shi sunan tauraron, da ranar da aka ɗauki ma'aunin, da faɗin ɗigo ɗaya a takardar tasa, ka rubuta amsar ka aiko mini.